Daga Ta Kitse zuwa Mewtwo: Wa ke ɗaukar alhakin dodon da mutum ya ƙera?

A ranar 27 ga Fabrairun 1996 ne wasan Pokémon ya fara fita a Japan, a kan ƙaramar na'urar Game Boy ta kamfanin Nintendo, da dodanni 151. Yau adadinsu ya haura 1,000, kuma hoton Pikachu, ɗan rawayan nan mai jan kumatu, ya iso har jikin jakunkunan makaranta da rigunan yara da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa.

Galibin waɗannan dodanni a cikin ciyawa da kogo da ruwa mai wasa ke farautarsu, tamkar namun dawa. Sai dai akwai 'yan tsiraru da ba haifarsu aka yi ba, mutum ne ya ƙera su da hannunsa.

Labarin waɗannan 'yan tsiraru ya girmi wasan nesa ba kusa ba. Yana cikin tsofaffin littattafan Turai, yana kuma cikin tatsuniyoyin da tsofaffi ke yi wa jikoki da dare a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, a jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar. Idan aka jera labaran kusa da juna, za a ga ɓarnar ba ta farawa ranar da aka yi ƙirar. Tana farawa ne daga yadda maƙerin ya riƙe abin da ya ƙera.

Halitta daban, ƙira daban

Harshen Hausa ya daɗe da yin iyaka a nan. Halitta ta Allah ce. Abin da ya fito daga hannun ɗan Adam kuwa ƙira ne, ko gini, ko sassaƙa. Shi ya sa ake ce wa abin da aka yi da siffar mutum "mutum-mutumi", wato ya yi kama amma bai kai ba.

A ƙauyukan yankin Ƙonni, kamar sauran ƙasar Hausa, yaro kan kwaɓa laka da damina ya gina shanu da raƙuma, ya shanya su, ya haɗa su karo da na abokinsa. Yarinya kan yi 'yar tsana ta ɗaura mata zane ta goya ta. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙago Pokémon, daga irin wannan ƙuruciya ya taso: yana yaro yana yawon kama ƙwari a Machida, bayan birnin Tokyo, kamar yadda yaran nan ke bin fara da gyare.

Wannan iyaka ta taɓa jawo wa wasan matsala. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan Pokémon da katunansa, bisa dalilan da suka haɗa da caca da yaɗa ra'ayin Darwin na rikiɗar halittu. Ita kuwa tambayar ko ɗan Adam zai iya samar da abu mai rai tsohuwa ce ko a duniyar Musulunci, don rubuce-rubucen da ake jinginawa ga masanin kimiyya Jabir ibn Hayyan sun yi magana a kan "takwin", wato yunƙurin samar da mai rai a ɗakin gwaji.

Frankenstein da Mewtwo: 'ya'yan da aka yasar

Mary Shelley 'yar Ingila tana da shekara 18 ta fara rubuta littafin *Frankenstein* a bakin tafkin Geneva a 1816, ya kuma fito a Landan a 1818 ba tare da sunanta ba. Mutane da yawa na zaton Frankenstein sunan dodon ne, alhali sunan maƙerin ne, Victor Frankenstein, ɗalibin kimiyya a garin Ingolstadt na Jamus. Shi dodon ko suna ba a raɗa masa ba.

Victor ya shafe kusan shekara biyu yana harhaɗa jiki mai tsawon ƙafa takwas da sassan da ya tattaro daga makabarta da mahauta. A daren da abin ya buɗe ido, sai ya ga muninsa, ya ruga da gudu ya bar shi.

Dodon ya shiga duniya ba uwa ba uba. Ya laɓe kusa da bukkar wasu talakawa yana leƙensu har ya koyi magana da karatu, yana yi musu itace da dare a ɓoye. Ranar da ya bayyana kansa, da duka aka kore shi. Ya ceto wata yarinya daga ruwa, aka saka masa da harbi. Bayan haka ne ya kashe ƙanen Victor. Ya roƙi maƙerinsa ya yi masa mata irinsa su tafi su bar mutane, Victor ya fara aikin sannan ya wargaza shi. Fansar da ta biyo baya ta ci abokin Victor da amaryarsa.

Mewtwo, dodo mai lamba 150 a jerin Pokémon, ɗan wannan gida ne. Masana ne suka samar da shi daga ƙwayoyin halittar wani dodo mai suna Mew. A fim ɗin da ya fito a Japan a 1998, ya farka cikin tulun gilashi ya tarar da masanan na taya juna murna, ya fahimci cewa shi abin gwaji ne kawai a wajensu, sai ya tarwatsa ɗakin gwajin.

Daga nan Giovanni, shugaban gungun 'yan ta'adda na Team Rocket, ya yaudare shi da sunan ƙawance, ya sa masa sulke, ya riƙa yaƙi da shi. Da Mewtwo ya gane makami aka mayar da shi, sai ya ɓalle ya ɗaura ɗamarar ramuwa a kan 'yan Adam. Bai sauko ba sai da ya ga yaro Ash ya jefa kansa tsakiyar faɗa don ya raba.

A cikin wasan kansa kuwa akwai abin lura. Mai wasa kan bi Mewtwo har kogon Cerulean inda ya ɓuya, ya kama shi ya kulle cikin ƙwallo, ya riƙa fito da shi yana yaƙi. Abin da fim ya zargi Giovanni da shi, shi ne ladan da wasa ke bai wa wanda ya ƙware.

Dodon da aka ƙera don aiki

Kashi na biyu na irin waɗannan labarai ya shafi ƙwadago. Yahudawan birnin Prague na da labarin Golem, ƙaton da aka ce malaminsu Judah Loew, wanda ya rasu a 1609, ya gina da yumɓun kogin Vltava don ya yi gadi ya kuma yi aikin ƙarfi. Wani rubutu da ake sa masa a baki ne ke motsa shi, ana cirewa ranar Asabar ya huta. Ranar da malamin ya manta bai cire ba, Golem ya shiga ɓarna.

Masu Pokémon sun ɗauko wannan siffa a 2010 suka yi Golett da Golurk, dodannin yumɓu da aka ce mutanen dā ne suka gina don aiki da tsaro. Golurk na da hatimi a ƙirji, in aka ɓalle shi ƙarfinsa ya fi ƙarfin kowa.

Kalmar nan ta "robot" ma daga adabi ta fito. Karel Čapek na ƙasar Czech ne ya yi amfani da ita a wasan kwaikwayonsa *R.U.R.* na 1920, daga kalmar "robota" mai nufin aikin tilas. A wasan, kamfani ne ke ƙera ma'aikata masu arha waɗanda ba sa neman albashi, har ranar da suka yi tawaye. Wasan Palworld na kamfanin Pocketpair, wanda ya fito a Janairun 2024, ya maido da wannan hoto: mai wasa na kama dodanni ya jera su a gona da ma'adinai da masana'anta suna yi masa aiki. A Satumban shekarar ne Nintendo da kamfanin Pokémon suka maka Pocketpair a kotun Tokyo kan haƙƙin mallakar fasaha.

Aikin tilas ba baƙon abu ba ne a tarihin Nijar. Sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Jihar Tahoua kuma ta yi suna wajen tafiya ci-rani zuwa Najeriya da Côte d'Ivoire da Aljeriya da Libiya. Mai dakon siminti a Malbaza, da mai cirar albasa a Galmi, da ɗan ci-ranin da ke haɗa kankare a Tripoli, duk sun san yadda ake auna mutum da ƙarfin damtsensa, a manta da shi ranar da ya kwanta ciwo.

Ta Kitse da budurwar ɗanko

Tatsuniyar Hausa na da nata ƙagaggun. Akwai budurwar ɗanko, wadda mai gona ya mulmula ya kafa a gonarsa don kama Gizo da ya addabe shi da sata. Gizo ya yi mata magana ba ta amsa ba, ya kai mata hannu ya manne, ya kai ƙafa ta manne. A. J. N. Tremearne ya kawo irin wannan labari a littafinsa na tatsuniyoyi da al'adun Hausa na 1913, kuma Baƙaƙen fatar Amurka na da makamancinsa na zomo da 'yar tsanar kwalta. Budurwar ɗanko tarko ce zalla, ba ta ji ba ta gani, don haka babu wanda ke tambayar haƙƙinta.

Ta Kitse daban take. Sarki ya ƙwace wa wata tsohuwa ƙaton santa aka yanka, ita kuwa ta tsira da kayan ciki da kitse, ta adana a ɗaki. Suka rikiɗe suka zama 'yan mata, wadda ta fi kyau a cikinsu ita ce Ta Kitse. Sarki ya nemi aurenta, tsohuwa ta gindaya sharaɗi: kada ta kusanci wuta, kada ta shiga rana. Da sarki ya yi tafiya, kishiyoyi suka tilasta mata girki, ta narke. A wasu ruwayoyin ana tattara kitsen a tukunya ta dawo da rai.

A nan an juya labarin Turai. Ƙagaggiyar ba ta cuci kowa ba, ita aka cuta. Tsohuwar da ta same ta ta san rauninta, ta kuma faɗe shi tun kafin a ɗaura aure, abin da Victor Frankenstein bai tsaya ya yi ba. Waɗanda aka bai wa amana ne suka ci amanar, kuma a kansu tatsuniyar ta ɗora laifi.

Wasan Pokémon na 2016, Sun da Moon, ya matso kusa da wannan fahimta. Wata cibiya mai suna Aether Foundation ta harhaɗa dodo daga sassa daban-daban, gwajin ya ci tura, aka garƙama masa kwalkwali mai nauyi aka ajiye shi gefe da sunan Type: Null, wato marar amfani. Wani yaro mai suna Gladion ya gudu da ɗaya daga cikinsu ya riƙe shi da kyau. A ƙa'idar wasan, dodon ba ya fasa kwalkwalin ya zama Silvally sai shaƙuwarsa da mai shi ta yi ƙarfi. Abin da dodon Mary Shelley ya roƙa bai samu ba kenan.

Tahoua ta taɓa ƙera nata

Jihar Tahoua na da wanda ya riga ya gwada wannan sana'a. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya kuma rasu a 2015, na cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, kuma a garin Tahoua ya zauna yana aikinsa shekaru da dama. A 1966 ya yi *Bon Voyage Sim*, inda kwaɗi ke mulki da shagalin tarbar shugabanni. A fim ɗinsa *Kokoa* kuwa, 'yan tsanan da ya ƙera da hannu, irin su kwaɗo da hawainiya, su ne ke shiga fili suna kokowa 'yan kallo na sowa.

Dabbobi masu baiwa daban-daban da ke karawa a fage, shi ne ginshiƙin wasannin dodanni na yau. Alassane bai je Japan neman wannan ba, daga kokowar gargajiya ya ɗauko, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tahoua a 1975.

A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan Aurion a 2016 bisa al'adun Afirka. Ƙasar Hausa na da Dodo da Gizo da Ƙoƙi da Botorami da Ta Kitse, kowanne da ƙarfinsa da rauninsa, kamar dai yadda ake tsara dodannin wasa. An kuma rubuta ɗaruruwan tatsuniyoyin tun 1911 zuwa 1913 a littattafai uku na Frank Edgar. Abin da ya rage shi ne masu zane da masu rubuta manhaja daga cikin matasan da suka taso da tatsuniyar a kunne da waya a hannu.

Maganar ta wuce nishaɗi a yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shiga wayoyin jama'a, tana rubutu tana kwaikwayon murya da fuskar mutane. Duk lokacin da irin wannan manhaja ta yi ɓarna, akan ji ana neman ɗora laifin a kan na'ura. Mary Shelley ta sa wa littafinta sunan maƙerin, tatsuniyar Ta Kitse kuma ta tuhumi waɗanda aka damƙa wa amana. Matashin da ke shirin ƙera wasa ko manhaja a Ƙonni ko Yamai ko Kano, shi ma wannan tambaya ce ke jiransa: in abin ya fita hannunsa, wa zai tsaya ya ce nawa ne?