Ƙwannafi da Maƙalewar Abinci a Ƙirji: Ba Duka Ba Ne Olsa

Maƙoshi shi ne bututun tsoka da ke ɗaukar abinci daga baki zuwa tumbi. A jikin baligi tsawonsa kusan santimita 25 ne. Yana bi ta bayan hanyar iska da bayan zuciya, ya ratsa shamakin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, sannan ya haɗe da tumbi. Loma ba faɗawa take yi da nauyinta kawai ba. Da zarar an haɗiye ta, tsokar maƙoshi kan matse ta baya, ta saki ta gaba, tana tura ta ƙasa daki-daki, har ta isa tumbi cikin kamar daƙiƙa 8 zuwa 10.

A ƙarshen maƙoshi, daidai mahaɗarsa da tumbi, akwai zoben tsoka mai tsawon santimita 2 zuwa 4. Aikinsa irin na zariya ne a bakin jaka: kullum a tsuke yake, sai an haɗiyi abu ya saki ya ba shi hanya, ya sake tsukewa. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsananin tsami don narkar da abinci, kuma an yi masa fata mai jure wannan tsamin. Maƙoshi ba shi da irin wannan kariya, zoben ne babban abin da ke tsare shi. Saboda haka matsalar wannan ƙofa iri biyu ce: ko ta yi sako-sako, ko ta ƙi buɗewa.

Idan ƙofar ta yi sako-sako

Zoben da ke saki ba a kan kari ba yakan bar ruwan tumbi ya hau sama. Wannan shi ne ƙwannafi: zafi a tsakiyar ƙirji, gyatsa mai tsami, ɗaci a baki, wani lokaci har da dushewar murya da tari cikin dare. Ƙwannafi jefi-jefi bayan an cika ciki ba cuta ba ne. Wanda ke zuwa sau biyu ko fiye a mako, ko yake ta da mutum daga barci, shi ne ke buƙatar ganin likita, domin tsamin da ya daɗe yana ƙona maƙoshi yakan bar gyambo, gyambon ya warke da tabo, tabon kuma ya ƙuntata hanya. A wasu 'yan kaɗan fatar wurin takan canza ta zama mai haɗarin kamuwa da ciwon daji.

Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne a kowane gida: cika ciki da tuwo da daddare a kwanta nan take, abinci mai maiƙo da yawa, yaji, taba, goro da shayi mai kauri ga wasu mutane, ƙiba da teɓa, da ɗaure ƙugu tamau. Masu juna biyu sukan sha fama da shi, musamman a watannin ƙarshe. A watan azumi ma yakan ƙaru ga wanda ya cika ciki da sahur ya koma barci. Manomin da ya ci ya ƙoshi ya duƙa noma nan take shi ma yakan ji abin ya taso masa.

Gyaran farko daga gida yake farawa. A ci abincin dare da wuri, a bar tazarar kamar awa 3 kafin kwanciya. A rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya. A ɗaga wajen kan shimfiɗa da kamar santimita 15 zuwa 20, a kwanta ta gefen hagu. Akwai magungunan rage tsami irin su omeprazole, kuma suna aiki, amma ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya faɗi yawansu da tsawon lokacin sha. Kanwa da ake jiƙawa a sha tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, sai dai gishirin da ke cikinta yana tayar da hawan jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciya ga masu jego. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis bayan aikin gona, suna ƙara wa gyambo zafi, balle idan an haɗiye su ba ruwa isasshe aka kwanta.

Idan ƙofar ta ƙi buɗewa

Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira akalasiya. Jijiyoyin da ke cikin bangon maƙoshi, masu ba zoben umarnin saki, su ne ke mutuwa sannu a hankali. Zoben ya zauna a tsuke, tsokar da ke tura abinci ita ma ta daina aiki, abinci ya riƙa taruwa a sama, maƙoshin ya buɗe ya yi faɗi. Ba cuta ce mai yawa ba, kusan mutum 1 cikin 100,000 take kamawa a shekara, maza da mata, galibi tsakanin shekara 25 zuwa 60. Ba a ɗaukarta daga wani. A Kudancin Amurka akwai wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa, wadda likitan Brazil Carlos Chagas ya gano a 1909, da ke lalata waɗannan jijiyoyi, amma ba cutar ƙasar Hausa ba ce.

Alamarta ta farko ita ce abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, mai tauri da mai ruwa duka. Mai cutar yakan daɗe a gaban kwano, yana kora kowace loma da ruwa, yana miƙe wuya ko ya tashi tsaye kafin ta wuce. Tuwo ya gagara, a koma fura da koko, su ma daga baya su riƙa tsayawa. Abincin da aka ci tun jiya yakan dawo baki yadda aka haɗiye shi, ba tsami, musamman cikin barci, mutum ya ƙware, ya yi ta tari, wani lokaci ya shiga huhu ya jawo limoniya. Daga nan sai rama. Da yake akwai zafin ƙirji a ciki, sau da yawa akan yi shekaru ana shan maganin olsa. Wasu kuma, ganin mutum yana ramewa abinci na dawowa, sai a ce an ba shi wani abu ya ci, a shiga neman maganin sammu da na amai, lokaci yana tafiya.

Cutar tsohuwa ce a littattafan likitanci. A 1674 likitan Ingila Thomas Willis ya ba da bayanin wani majinyaci da yake tura abincinsa da sandar ƙashin babbar dabbar teku ta whale mai soso a kai. A 1913 Ernst Heller na Jamus ya fara aikin tsaga tsokar zoben, wanda har yau ake yi. A 2008 kuma Haruhiro Inoue na Japan ya fara yin wannan aikin ta baki, ba tare da an yanka fatar ciki ba. Akwai kuma hanyar buɗa zoben da balan-balan. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, amma idan aka sassauta ƙofar, mafi yawan majinyata sukan koma cin abinci, jikinsu ya murmure.

Sauran abubuwan da ke hana haɗiya

Akwai masu maƙoshin da ke murɗawa ba tsari, ya ba su ciwon ƙirji mai tsanani kamar na zuciya. Ciwon suga da ya daɗe yana raunana tsokar. Yawan shan tramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, shi ma yana dagula aikin maƙoshi.

Biyu ne suka fi haɗari. Na farko ciwon dajin maƙoshi, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50: nama ne ke fara tsayawa, sai tuwo, sai kunu, cikin 'yan watanni, tare da saurin rama. Na biyu sodar yin sabulu. Idan an jiƙa ta kamar ruwa take, kuma akan zuba ta a robar ruwan sha ko ta lemo, yaro ya ɗauka ya kurɓa. Tana ƙona maƙoshi nan take, bayan makonni tabo ya toshe hanya. Wanda ya sha ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko wani jiƙo, asibiti ake nufa da shi kai tsaye, ko da bakinsa bai nuna ƙuna ba.

Inda ake zuwa da abin da ake yi

Ga mutanen Ruma da Wagini da Runka da Zakka da sauran garuruwan gefen dajin Rugu a jihar Katsina, tafiya asibiti ba ƙaramin abu ba ce, ga kuɗin mota ga halin da hanya take ciki. Wannan ne ya sa sanin alamun da ba a jira da su yake da amfani. Su ne: maƙalewar abinci da ke maimaituwa, zafi wajen haɗiya, rama ba dalili, aman jini ko baƙin bayan gida, ƙarancin jini, da ƙwannafin da ya ƙi jin magani bayan makonni. Ciwon ƙirji da ya zo da gumi da ɗaukewar numfashi, ko yake sauka hannun hagu, ana ɗaukarsa a matsayin ciwon zuciya har sai likita ya ce ba shi ba ne, kuma a ranar ake tafiya.

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa ko babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, daga nan a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan abin ya buƙaci ƙarin bincike ko tiyata, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Gwaje-gwajen uku ne. Akan ba mutum wani farin ruwa mai suna bariyam ya sha a ɗauki hoto, inda ƙarshen maƙoshin mai akalasiya kan fito a tsuke, siffar da likitoci ke kira bakin tsuntsu. Akan zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba ko akwai gyambo, tabo ko ƙari. Na uku shi ne awon ƙarfin matsar tsokar da wani bututu da ake bi da shi ta hanci, wanda sai a manyan cibiyoyi ake samu.

Mai zuwa asibiti ya tafi da kwalayen magungunan da ya sha, ya kuma faɗa wa likita abu uku dalla-dalla: yaushe abin ya fara, wane irin abinci ne ke tsayawa, kuma ko ruwa ma yana tsayawa. Duk wanda abinci ya fara maƙale masa a ƙirji fiye da sau ɗaya ko biyu, kada iyalinsa su jira sai kunu ya gagara kafin su kai shi.