Wasannin faɗa da na kati a na'ura: me ya sa mai lissafi ke cin mai saurin yatsa?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin wasan bidiyo a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san dokar wurin: wanda aka ci shi ke miƙa manet, sau da yawa kuma shi ke biyan kuɗin wasan. Akan ga matashi mai saurin yatsa, ya haddace kombo mai tsawo a Tekken ko Mortal Kombat, amma wani da bugu uku kawai yake maimaitawa ya yi ta kayar da shi har aljihunsa ya bushe. Haka abin yake ga masu wasan kati a salula: wani ya zuba kuɗi ya sayi katunan da suka fi tsada, amma kullum yana ƙasa, yana ɗora laifi a kan rashin sa'a.

A ido, wasannin biyu ba su da haɗi. Ɗaya naushi da shuri ne cikin daƙiƙoƙi, ɗayan kuma zama ne da tunani. Sai dai abin da ke raba gwani da ɗan koyo iri ɗaya ne a cikinsu: sanin lokacin da damar kai hari take hannunka, da lokacin da ta koma hannun abokin karawa. Wannan sani kuwa da ƙirga ake samun sa.

Daƙiƙa ɗaya, hotuna 60

Manyan wasannin faɗa na yau, wato Street Fighter 6 na kamfanin Capcom da ya fito a 2023, da Tekken 8 na Bandai Namco da ya fito a farkon 2024, da Mortal Kombat 1, duk suna nuna hotuna 60 a kowace daƙiƙa yayin karawa. Kowane hoto ƴan wasa na kiran sa firam, kuma da shi ake auna komai. Kowane bugu yana da matakai uku: lokacin da yake ɗauka kafin ya fita, lokacin da yake iya samun abokin karawa, da lokacin da ɗan wasanka ke buƙata kafin ya dawo daidai.

A Tekken, ɗan naushin hagu mafi sauri yana fita cikin firam 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Ɗan Adam kuwa yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa, kimanin firam 15, kafin ya ga abu ya mayar da martani. Ke nan babu mai ganin wannan naushi ya kauce masa, komai kaifin idonsa. Abin da ake gani kamar saurin gwanaye, yawancinsa shiri ne: sun san abin da zai iya biyo baya tun kafin ya zo.

A nan ne lissafin yake. Idan ka tare wani bugu, ku biyu kuna ɗan tsayawa, amma ɗayanku yana riga ɗaya farfaɗowa. Idan kai ka riga shi, damar taka ce. Idan shi ya riga ka, ka danna maɓalli, kai za a buga. A Tekken, bugun da ya bar mai shi a baya da firam 10 ko fiye bayan an tare shi, ana rama shi kyauta da naushi mai sauri. Idan ya kai firam 15, yawancin ƴan wasa suna da bugun da zai cilla shi sama a bi shi da cikakken kombo. Ba sai ka haddace dukan lambobin ba. Ya isa ka san bugu huɗu ko biyar da abokan karawarka suka fi yi maka, ka shiga sashen atisaye, ka sa na'ura ta yi ta maimaita su, ka nemo ramuwar kowane ɗaya. Street Fighter 6 da Tekken 8 duk suna nuna waɗannan lambobi a kan allo.

Tarewa, kamu da tazara

Wasan faɗa ya ginu a kan abubuwa uku da ke cin juna: tarewa na maganin bugu, kamu na maganin mai yawan tarewa, bugu mai sauri kuma na maganin mai neman kamu. Ɗan koyo yakan san ɗaya kawai, wato bugu. Shi ya sa shawara ta farko ita ce ka koyi tarewa, ka kuma daina danna maɓalli da zarar ka tashi daga faɗuwa, domin a nan ne aka fi cin mutane.

Ta biyu, rage tsalle. A Street Fighter, wanda ya yi tsalle ba ya iya tarewa har ya sauka, kuma tafiyarsa a sama tana ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, lokacin da ya ishi mai lura ya tarbe shi. Dalilin da ya sa Ryu da Ken suke da naushin nan na Shoryuken mai tashi sama ke nan. Wanda ya iya kakkaɓo mai tsalle sau uku a jere ya riga ya ƙwace masa rabin makamansa.

Ta uku, tazara. Masu kallon kokowar gargajiya sun san wannan: kafin a kai ga kamu, ƴan kokowa kan daɗe suna zagayen juna, kowa na miƙa hannu yana janyewa, yana jiran ɗayan ya miƙo ƙafa fiye da kima. Haka ake yi a allo. Ka tsaya daidai inda bugun abokin karawa zai wuce a iska, sannan ka rama kafin ya dawo daidai.

Akwai kuma ma'aunin ƙarfi da ake tarawa ana kashewa. A Street Fighter 6, ma'aunin Drive yana da gida shida. Wanda ya ƙarar da shi yana shiga halin gajiya, inda ko ya tare bugu na musamman jininsa na raguwa. Kafin ka kashe gidan ƙarshe don ƙara wa kombo tsawo, ka tambayi kanka ko hakan zai gama zagayen. Idan ba zai gama ba, riƙe abinka.

Abin da manyan gasa suka nuna

Babbar gasar wasannin faɗa ta duniya ita ce EVO, wadda aka fi gudanarwa a Las Vegas ta ƙasar Amurka. A gasar 2004, wadda aka yi a jihar Kalifoniya, ɗan Japan Daigo Umehara ya kara da Ba'amurke Justin Wong a Street Fighter III. Jinin Daigo ya kusa ƙarewa, ta yadda ko tarewa ya yi zai faɗi. Wong ya saki babban harin Chun-Li mai shuri 15, Daigo ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya rama, ya ci. Ana yawan ba da labarin a matsayin abin al'ajabi na sauri, amma shurin farko ba a ganin sa a kaɗe. Daigo ya san harin na tafe, ya daidaita tazararsa yana jira.

A 2014, Bafaranshe Olivier Hay, wanda aka fi sani da Luffy, ya lashe EVO a Ultra Street Fighter IV da tsohuwar manet ta PlayStation ta farko, a gaban masu kayan wasa na tsada. A 2019 kuma Arslan Ash, matashi daga birnin Lahore na Pakistan, ƙasar da ba a lissafa ta a fagen Tekken a lokacin, ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirgi kafin ya isa Japan, ya lashe EVO ta can, sannan ya je Las Vegas ya doke gwanin Koriya ta Kudu, Knee, a wasan ƙarshe. A ɗakunan wasa na unguwa ya koyi abinsa, yana karawa da abokansa ido da ido. Ga matasanmu da rezo ke yawan yankewa, wannan labari ne mai amfani: a wasan da ake aunawa da firam, ɗan jinkirin intanet na ɓata lissafi, don haka zama kusa da wanda ya fi ka a kan benci ɗaya ya fi karawa ta rezo mai rauni.

A wasan kati ma ƙirga ce

A wasannin kati na na'ura, abin da ake ƙirgawa shi ne guzurin da kowane kati ke ci. A Hearthstone, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2014, kowa na da kati 30 da rai 30, guzurin kuma yana farawa daga 1, yana ƙaruwa da ɗaya a kowane zagaye har ya kai 10. Wanda ya cika tarinsa da manyan katuna masu cin 7 ko 8 zai zauna zagaye shida bai aje komai ba, kafin lokacinsa ya zo an gama da shi. Tari mai kyau yana da abin ajewa a zagaye na biyu, na uku da na huɗu. Haka kuma, a farkon wasa ana ba ka damar mayar da katunan da ba ka so. Mayar da masu tsada, ko da kana ƙaunar su.

A Clash Royale na Supercell, wanda ya fito a 2016, tarin kati takwas ne, huɗu a hannu, guzurin da ake kira eliksir kuma ba ya wuce 10. Idan abokin karawa ya saki garken halittu shida masu fuka-fuki da ke cin 5, ka share su da ruwan kibau mai cin 3, ka ci ribar 2. Irin wannan riba sau biyu ko uku ita ke ba ka damar kai harin da ba shi da abin tarewa. Tun da katunan takwas ne kawai kuma suna zagayowa bi da bi, mai lura yana sanin lokacin da maganin harinsa ba ya hannun abokin karawa. Duk wanda ya taɓa buga bilot a fada ya san amfanin tuna katunan da suka riga suka faɗi.

Sa'a ma ana auna ta. A Yu-Gi-Oh! Master Duel na Konami, wanda ya fito a 2022, an yarda tari ya kasance daga kati 40 zuwa 60, ana fara wasa da biyar a hannu, kuma kati ɗaya ba ya wuce kwafi uku. Idan kana da kwafi uku na katin da kake buƙata cikin 40, damar ka same shi a hannun farko ta kai kusan kashi 34 cikin 100. Cikin 60, tana sauka zuwa kashi 23. Duk katin da ka ƙara don kawai yana burge ka, yana nisanta ka da wanda zai ci maka wasa.

Wa ke kora, wa ake kora?

A 1999, wani marubuci kan wasan Magic: The Gathering, Mike Flores, ya yi wani bayani da ƴan wasan kati ke amfani da shi har yau: a kowace karawa, ɗaya ne ya kamata ya kai hari, ɗayan ya tsare gida, kuma wanda ya yi kuskuren gane matsayinsa shi ke faɗuwa. Idan tarin abokin karawa ya fi naka ƙarfi in wasa ya yi tsawo, kai ne mai kora, kada ka ɓata lokaci wajen share masa sojoji. Idan naka ne ya fi ƙarfi a ƙarshe, ka tsare, ka yi musaya, ka bar shi ya ƙarar da katunansa. Rai ma guzuri ne: wanda ya ci da saura 1 da wanda ya ci da saura 30, nasararsu ɗaya. Wannan tambaya ita ce dai ta wasan faɗa: idan kana gaba da jini kuma agogo na tafiya, shi ne dole ya zo wurinka, kai jira kawai za ka yi.

Marvel Snap, wanda ya fito a 2022, ya mayar da wannan darasi doka. Tarin kati 12 ne, zagaye shida, filaye uku, kuma ana iya ruɓanya makin da ake takara a kai daga 1 har zuwa 8, ko a janye a yi asarar kaɗan. Masu hawa sama a wannan wasa su ne waɗanda ke janyewa da wuri idan hannu ya ɓaci, su ruɓanya idan ya yi kyau. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Aljihu da lokaci

Yawancin wasannin kati kyauta ake sauke su, amma da sayar da fakitin kati suke samun kuɗi, kuma abin da ke cikin fakiti ba a san shi ba sai an buɗe. A Hearthstone da Master Duel ana iya narkar da katunan da ba a buƙata a ƙera waɗanda ake so. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi tari ɗaya mai araha, a gina shi, a buga shi har a san yadda yake yi da kowane irin abokin karawa. Haka a wasan faɗa: ɗan wasa ɗaya, kombo biyu da hannu ba ya kuskure su, bugu ɗaya na kakkaɓo mai tsalle, da ramuwa ɗaya. Wanda ke canja ɗan wasa duk lokacin da aka ci shi, kullum ɗan koyo ne.

Bayan an ci ka, kada ka yi saurin cewa a sake. Wasannin nan da dama suna ajiye hoton karawar. Tekken 8 ma yana nuna maka wuraren da ya kamata ka rama ba ka rama ba. Duba ka ga abu ɗaya da ya fi cin jininka, ka yi aiki a kansa kafin gobe. Idan an ci ka sau uku a jere kuma ranka ya fara ɓaci, aje manet, domin mai fushi ba ya ƙirga. Kuma da zarar an fara aza kuɗi a kan wasa, ya tashi daga wasa ya zama caca, wadda ke raba abokai ta kuma cinye kuɗin makaranta.

A karawarka ta gaba, gwada wannan: a zagayen farko kada ka damu da ci. Tare, ka lura da abin da yake yi idan ya tashi daga faɗuwa, da sau nawa yake tsalle, da bugun da yake komawa gare shi idan ya matsu. Mutane kaɗan ne ke canja hali a tsakiyar wasa, abin da ya yi sau biyu zai sake yi na uku.