Baturiya a Kan Jaki: Labarin Mama Lillian da Marayun Asyut

Saura kwana goma a ɗaura mata aure Lillian Trasher ta ce ta fasa. A Amurka ne, cikin shekarar 1910, tana da shekara 22. Angon, wani matashin mai wa'azi mai suna Tom Jordan, bai yi mata laifin komai ba. Ta je sauraron wata 'yar mishan ce da ta dawo daga Indiya, ta fito daga taron da yaƙinin cewa Allah na kiranta aiki a Afirka. Shi kuwa Tom bai ji wannan kira a ransa ba. Aure ya watse, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yi aure ba.

An haife ta a jihar Fulorida ranar 27 ga Satumba, 1887, ta tashi a Jojiya a gidan 'yan Katolika, daga baya ta koma cikin masu wa'azin bishara. Kafin maganar auren ta taso, ta yi aiki a wani gidan marayu a Karolina ta Arewa, ƙarƙashin wata mata mai suna Mattie Perry. Gida ne da ba shi da kasafin kuɗi ko wani attajiri da ya tsaya masa, abin da ya shigo yau shi za a ci yau. A nan ta koyi ɗinki da girkin taro da renon jarirai, ta kuma koyi kwana da tukunya babu komai ba tare da hankalinta ya tashi ba.

Babu ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinta. A wani taro a birnin Pittsburgh ta gamu da wani fasto mai suna Brelsford da ke aiki a Masar, ya ce in za ta iya kai kanta, akwai wurin kwana. A watan Oktoba na 1910 ta shiga jirgin ruwa tare da yayarta Jennie, kuɗin hannunsu bai cika dala 100 ba. Suka sauka a Iskandariyya, suka nausa kudu zuwa Asyut, wani tsohon birni a bakin Kogin Nilu, kimanin kilomita 375 daga Alƙahira. Almajiran ilimi sun san garin ko da ba su ankara ba, domin can ne asalin gidan su Imam Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin malaman nan biyu na Tafsirin Jalalaini. Gari ne na Musulmi da kuma Kibɗawa Kirista masu yawan gaske, kuma a wancan lokaci Masar tana hannun Turawan Ingila.

Wajen wata uku da zuwanta aka zo gidan mishan neman wanda zai je ya yi wa wata mara lafiya addu'a. Lillian ta bi su, ta tarar da wata matashiyar uwa a bakin mutuwa, gefenta ga jaririya duk ta ƙanjame, ana ɗura mata madarar da ta riga ta lalace. Uwar ta roƙe ta ta ɗauki yarinyar, ta cika. Yadda Lillian ta riƙa ba da labarin, wata tsohuwa da ke ɗakin ta nuna cewa in ba a ɗauke ta ba, kogi ne makomarta. Daga bakinta kaɗai aka ji wannan, kuma wasiƙun 'yan mishan na wancan zamani suna son irin wannan labari, don shi ke kwance bakin aljihun masu ba da taimako a gida. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ta rungumo jaririyar ta kawo gidan mishan, aka sa mata suna Farida.

Farida ta yi ta tsala kuka dare da rana. Da aka yi kwanaki ba wanda ya runtsa, shugaban gidan ya ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta. A mayar da ita wurin wa? Lillian ta tattara 'yan komatsanta ta fita da yarinyar, ita da Jennie suka kama hayar wani ɗan gida a cikin gari. Ranar 10 ga Fabrairu, 1911 ke nan, ranar da har yau ake lissafawa a matsayin ranar kafa gidan marayun Asyut. Ba a daɗe ba aka fara kawo mata wasu yaran. Ɗaya daga cikin na farko-farko ya zo da annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa, hukumar lafiya ta zo ta yi wa gidan feshi, ɗan abin da suka mallaka ya lalace, ita ma Lillian ta kwanta ciwo.

Da ta miƙe, sai ta nemi jaki. Wannan ne ɓangaren labarin da masu yabonta a Amurka suka fi yi wa gaggawa, alhali a nan ƙashin bayan gidan yake. Budurwa Baturiya, doguwa, ga Larabcin da bai gama nuna ba, ta riƙa hawa jaki tana bin ƙauyukan gaɓar Nilu tana roƙo. Fellahin, wato manoman Masar, mutane ne da su kansu hannu baka hannu ƙwarya suke, galibi ma gonar wani suke nomawa. Su ne suka riƙa ba ta abin da ya sawwaƙa: mudun alkama, wake, albasa, ƙwai, wani lokaci kaza ko 'yan sulalla. Lokacin ambaliya jakin kan kafe a laka. In dare ya yi mata a hanya, takan nemi ofishin 'yan sanda ta kwana, har a ɗakin tsare masu laifi, don nan ne mace ita kaɗai za ta iya rufe ido. A cikin gari kuma manyan gidajen Kibɗawa masu hali suka riƙa taimaka mata da kuɗi da tufafi. Taimakon waje ya zo daga baya, ya kuma yi yawa, amma a shekarun da gidan ke rarrafe, mutanen ƙasar ne suka ciyar da marayun ƙasarsu. Ita dai ta zama hannun da ke tarawa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne a samu hannun da talaka zai yarda ya danƙa wa mudunsa.

Da gidan haya ya yi musu kaɗan, ta sayi ɗan fili a ƙetaren kogi, ta gabas, yara suka taya buga tubali. A nan ta ɓullo da dabarar da ta riƙe gidan shekara da shekaru. Matan da mazajensu suka rasu, waɗanda ba su da mai ɗaukar nauyinsu, sai ta karɓe su da 'ya'yansu. Su suke girki da wanki da ɗinki da reno, su kuma sun samu ci da makwanci, ba a raba su da 'ya'yansu ba. Zuwa 1918 akwai yara 50 da irin waɗannan mata takwas. Manyan 'yan mata su ma kowace aka ba ta ƙananan da za ta kula da su.

A watan Maris na 1919 Ingila ta kama jagoran 'yan kishin ƙasa Sa'ad Zaglul ta kai shi tsibirin Malta. Masar ta kama da wuta, kuma yankin Asyut na cikin inda abin ya fi muni. Gidan marayun ya tsinci kansa tsakanin harsasai. Lillian ta kwashe yara fiye da 100 ta ɓoye su cikin wata tsohuwar matoyar tubali da ke kusa, suka kwana a ciki ana ɓarin wuta. An ruwaito cewa da masu wawushe kaya suka doso gidan, wani manomi maƙwabcinta ne ya tare su, ya tuna musu cewa 'ya'yan Masar ne a ciki. Bayan ƙura ta lafa sojojin Ingila suka tilasta wa baƙi barin yankin. Ta tafi Amurka, ta shiga cocin Assemblies of God, ta zaga majami'u tana neman taimako, ta dawo a 1920.

Daga nan gidan ya yi ta bunƙasa. Ƙa'idarta ɗaya ce, ba a mayar da yaro daga bakin ƙofa. Makaho, gurgu, wanda aka tsinta a bakin hanya, wanda aka haifa ba aure dangi na gudun abin kunya, duk tana karɓa, sannan ta fara tunanin abin da za su ci. Wani attajirin jiragen ruwa daga Sikotilan, Lord Maclay, ya ziyarci gidan ya ba da kuɗi masu kauri. Yara suka riƙa kiranta Mama Lillian.

Sai shekarar 1933 ta zo da abin da ba a gidanta ya faru ba. A can Bur Sa'id, bakin mashigin Suwez, akwai wata makarantar mishan ta 'yan Suwidin da ake kira Salam. A watan Yuni wata malama 'yar Suwizalan ta zane wata marainiya Musulma mai shekara 15, Turkiyya Hasan. 'Yan mishan suka ce rashin kunya ta yi. Yarinyar ta ce don ta ƙi barin addininta ne. Jaridu suka ɗauka, malaman Azhar suka shiga maganar, ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi, wadda Hasanul Banna ya kafa a Isma'iliyya a 1928, ta sa abin a gaba, kuma wannan gwagwarmaya na cikin abubuwan da suka fito da sunan ƙungiyar. Aka kori malamar daga ƙasar. Gwamnati ta shiga binciken gidajen marayun mishan tana kwashe 'ya'yan Musulmi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: hukuma ta iso Asyut, ta fitar da yara wajen 70 daga hannun Lillian.

Masu rubuta tarihinta daga cikin coci sukan kawo wannan a matsayin zaluncin da aka yi wa baiwar Allah. A ganina maganar ta fi haka nauyi. Lillian ba ta taɓa ɓoye cewa ita 'yar mishan ce ba. A gidanta ana karanta Littafi Mai Tsarki, ana addu'ar Kirista safe da yamma, kuma burinta yaran su tashi a kan abin da ta yi imani da shi. Yaron da aka kawo yana tsumman goyo ba shi da bakin cewa a'a, kuma wanda ke ba ka tuwo ba ya bukatar bulala kafin ka bi shi. A dokar Masar, bisa fiƙihu, yaron da aka tsinta ba a san iyayensa ba ana ɗaukarsa Musulmi ne. Don haka Musulmin da suka tayar da jijiyar wuya suna da hujja, kuma duk mai addini, ko wane iri ne, zai ji zafi in aka ce maraicin ɗan ɗan'uwansa ya zama ƙofar raba shi da addinin iyayensa.

Sai dai akwai tambayar da masu fushin ba su iya kauce mata ba: ina kowa yake ranar da aka kawo waɗannan yara? Shekara 22 matar nan tana karɓar waɗanda ba mai so. Su kansu jagororin Musulmi sun gane haka, shi ya sa hayaniyar ba ta tsaya a kan zagin mishan ba. Aka shiga tara kuɗi, gwamnati da ƙungiyoyi suka tashi gina gidajen marayu da makarantu nasu. Waɗanda suka fi shan wahalar rikicin su ne yaran da aka ɗebe rana ɗaya daga wurin da suka sani a matsayin gida, wasunsu ba su san wata uwa ba sai ita. Daga lokacin gidan ya koma kusan na 'ya'yan Kirista zalla, kuma hukuma ta bar shi a buɗe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da tsadar da ta kusa durƙusar da su. A 1941 yara sun kai wajen 900, tufafi sun yage, rumbu ya ƙare. Lillian ta tsayar da karatu, ta sa kowa addu'a. Ana cikin haka jakadan Amurka a Masar, Alexander Kirk, ya aiko a kira ta Alƙahira. Ashe wani jirgin ruwa mai suna Kassandra Louloudis, ɗauke da kayan agajin Red Cross zuwa Girka, ya juyo Iskandariyya saboda Girka ta faɗa hannun Jamus. Aka ba gidan marayun kaso mai tsoka daga kayan: riguna, barguna, tawul, madarar gari da shinkafa. Ita da yaranta sun ɗauki wannan a matsayin amsar addu'a kai tsaye. Mai duba ta wani gefen kuma zai tuna cewa kayan nan na wasu mayunwata ne a Girka da ba su samu ba.

Daga 1929 zuwa 1954 ba ta je hutu ƙasarsu ba ko sau ɗaya. Ta ga annobar kwalara ta 1947, ta ga faɗuwar Sarki Faruƙ a 1952, kuma Janar Muhammad Najib, wanda ya jagoranci sabuwar gwamnatin sojoji, ya taka har gidan ya yaba mata. Yaran da ta rena suka girma suka yi aure, suka riƙa kawo mata jikoki.

Ta rasu ranar 17 ga Disamba, 1961, tana da shekara 74, aka binne ta a maƙabartar gidan. A lokacin mutum wajen 1,200 ne ke ci a tukunyarta, kuma an ƙiyasta cewa yara kusan 10,000 ne suka ratsa ta hannunta cikin shekara 50. Gidan yana nan a Asyut da sunanta, Misirawa ne ke tafiyar da shi, kuma mafi yawan kuɗin da ake ciyar da yaran daga cikin Masar yake fitowa.