Kafin Ka Sayi Sandar Fatsa

Mu mutanen Garo ruwa bai yi mana nisa ba. Ga dam ɗin Guzu-Guzu nan a ƙasar Kabo, ga na Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992, ga kuma na Watari a Bagwai da magudanansa masu shayar da gonakin rani. A da, sandar gora da zare da ƙugiya sun ishi yaro ya kamo karfasa. Yanzu sandunan kanti masu faifan naɗe zare sun shigo, samari na ta zuba kuɗi, galibi a kan abin da bai dace da ruwanmu ba.

Mai kaya zai miƙo maka mafi tsayi, ya ce ita ke kai ƙugiya nesa. To nesa ina? Magudana siririya ce, ga ciyayi a bayanka, kifin ma a gefe yake laɓewa. Mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.7 ta wadatar, kuma za ta yi maka aiki a bakin dam. Duba kusa da mariƙinta, akan rubuta nauyin da take iya jefawa. Mai giram 10 zuwa 30 ta isa kamun karfasa da tana, ta kuma jure fizgar madaidaiciyar tarwaɗa. Zura auduga cikin zobban da zare ke bi. In ta sarƙe, akwai tsaga, kuma nan zarenka zai tsinke. Irin mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo tana da daɗin ɗauka a babur, sai dai yashi na shiga gaɓoɓinta ya cinye su. Mai gaɓa biyu ta fi ƙarko.

Abin da ba a faɗa a wurin ciniki shi ne, sandar kabon, wadda ake yabo don ba ta da nauyi, lantarki yana bin jikinta. Ba sai ta taɓa babbar wayar lantarki ba, kusantarta kawai na iya sa wuta ta tsallako. Ta faiba ta fi araha, ta fi jure wahala, amma ita ma in ta jiƙe ba abin yarda ba ce. Kafin ka wurga, ɗaga kai. In hadari ya haɗu da walƙiya, naɗe kayanka.

Sai gefen magudana. Siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, wanda ya zame da wuya ya sami abin kamawa, ballantana in an saki ruwa. Ƙugiya ta maƙale? Tsinke zaren. Shiga ruwan ma na iya jawo tsargiya, domin ƙwayar cutar daga dodon koɗin ruwa take fitowa ta shiga ta fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya nufi asibiti, akwai magani.

Iyaye, don Allah kada a bar yara su tafi fatsa su kaɗai.