Aljihun da masu ƙera magani ke leƙawa

A kasuwar Karu, mai yankan makulli ba ya ɗora ƙarfe kan inji sai ya ga bakin kwaɗon. Haka masu ƙera magungunan zamani suke: kafin su haɗa sinadari, sai sun ga siffar gurbin da zai shiga.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gurabe shi ne buromodomen, wani ɗan aljihu a jikin wasu sinadaran furotin. Aikinsa shi ne gane alamar da ke kan furotin ɗin da DNA ke naɗe a kansa, domin a kunna wasu ƙwayoyin gado. A jikin ɗan Adam akwai 61 a cikin furotin 46. Idan aka toshe aljihun, saƙon ya yanke.

A 2010, tawagar James Bradner ta cibiyar Dana-Farber da ke Amurka, tare da ta Stefan Knapp a Oxford ta Ingila, suka wallafa bincike kan JQ1, ƙaramin sinadarin da ke toshe aljihun furotin BRD4, mai hannu a wani nau'in ciwon daji. Sun daskarar da furotin ɗin tare da sinadarin har ya zama kamar ƙwayar gishiri, suka haska shi da eksire, suka zana inda kowane sashe ya zauna. Bradner ya riƙa aika JQ1 kyauta ga duk ɗakin binciken da ya nema. Sinadarin bai zama magani ba, saboda jiki na saurin narkar da shi, amma ya buɗe ƙofar gwajin danginsa a kan marasa lafiya.

Abin da ya shafi Najeriya kuwa, ƙwayoyin cuta ma suna da wannan aljihu. A 2015, masana sun nuna cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana dogara da furotin PfBDP1 wajen kutsawa cikin jajayen ƙwayoyin jini. A shekarar ce kuma aka nuna cewa sinadarin I-BET151 na rikita ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai haddasa ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Waɗannan zane-zane suna nan kyauta a rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971. Masani a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, wadda ta samar da Niprisan domin masu amosanin jini, ko a cibiyar binciken ciwon barci ta Kaduna, zai iya sauke su ya tantance dubban sinadarai a kwamfuta. Abin da yake buƙata shi ne tsayayyen lantarki, kwamfuta mai ƙarfi da horo. Ukun nan kuma a takardun kasafi suke farawa, waɗanda ma'aikatan da ke barin Karu da asuba ke rubutawa.