Yadda gwiwar ɗan Adam ke ɗaukar nauyin jiki

Gwiwa ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, kuma tana cikin waɗanda suka fi saurin samun rauni.

Dalili kuwa shi ne, ƙasusuwanta ba su shige cikin juna ba kamar na kwatangwalo. Jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe da ita.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: ƙashin cinya, da na ƙwauri, da kuma ƙoƙon gwiwa, wanda ke ƙara wa tsokar cinya ƙarfi wajen miƙe ƙafa.

Manyan jijiyoyi huɗu ne suka ɗaure gaɓar. Biyu na gefe da gefe suna hana ta karkacewa, yayin da biyu suka gitta juna a ciki, suna hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya.

Ɗaya daga cikin na cikin ce ta tsinke wa ɗan wasan Ingila, Michael Owen, a karawarsu da Sweden a gasar cin kofin duniya ta 2006, abin da ya raba shi da fili har kimanin watanni goma.

Bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, sannan akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke zama tamkar matashi a tsakani. Wani ruwa mai yauƙi ne ke hana su gogayya.

Sai dai guringuntsin da ke bakin ƙashi ba shi da hanyoyin jini, don haka idan ya zaizaye da wuya ya farfaɗo. Wannan ne mafarin amosanin gaɓɓai, wanda kan hana dattawa durƙuso da zaman tahiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, mutane kusan miliyan 365 ne ke fama da shi a gwiwa.

A kowane taku, gwiwa kan ɗauki ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum, kuma nauyin kan ƙaru wajen hawa ko saukowa daga bene.

Shi ya sa likitoci ke cewa rage ƙiba da ƙarfafa tsokar cinya ta hanyar motsa jiki su ne kariya mafi sauƙi, tun kafin ciwo ya fara.