Ceton bankuna da dukiyar jama'a: Abubuwan da ya kamata ka sani

A farkon watan Agusta na 2024, daidai lokacin da matasa suka cika titunan Kano suna zanga-zangar tsadar rayuwa, labari ya fito cewa Babban Bankin Najeriya, CBN, ya amince da tallafin naira biliyan 700 domin haɗe bankin Unity da na Providus. Ga manomin da ke rani a bakin dam ɗin Tomas, ko falken da ke kai shanu karar Ɗanbatta, tambayar ɗaya ce: an ce babu kuɗin tallafin man fetur, taki ya gagari talaka, to daga ina aka samo na banki? Tambayar tana kan hanya, amma amsarta tana da rassa.

Me ake nufi da ceton banki?

Banki ba ya kulle kuɗin da ka ajiye a ɗaki yana jiran ranar da za ka zo. Yana bayar da mafi yawansu rance, ya bar kaɗan don biyan masu cirewa yau da kullum. Idan waɗanda ya ba rancen suka ƙi biya, ramin da aka samu yakan fara cin jarin masu bankin. Idan ya cinye jarin, sai ya shiga cin ajiyar mutane. A nan ne hukuma ke da zaɓi biyu: ta rufe bankin, ko ta zuba masa kuɗi.

Zubawar ma iri-iri ce. Wani lokaci CBN ke ba bankin rance kai tsaye. Wani lokaci a sayi munanan basussukansa, a ɗauke masa nauyin bin su. Akwai kuma kawar da kai, wato a san banki ya gaza cika ƙa'ida amma a ƙyale shi ya ci gaba da aiki har ya murmure. Wannan na ukun shi ne jama'a ba sa gani. Sai a watan Afrilu na 2021, lokacin da CBN ya rushe hukumar gudanarwar First Bank, aka ji daga bakin gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, cewa tun 2016 ake yi wa wannan tsohon banki sassauci.

Me ya haɗa mutumin Ɗanbatta da bankin Unity?

Tarihi. Unity ya samu ne a 2006, bayan gwamnan CBN na lokacin, Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25. Bankuna tara ne suka dunƙule suka zama Unity, kuma babba a cikinsu shi ne Bankin Arewa, wanda aka kafa a zamanin Sardauna, hedikwatarsa a Kano. Dattawan da suka yi aikin gwamnati ko kasuwancin gyaɗa da fata sun san shi sarai. Har ila yau Unity ya kasance cikin bankunan da aka fi bi ta hannunsu wajen raba bashin manoma na shirin Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a jihar Kebbi a Nuwamban 2015. Saboda haka mutuwarsa ba za ta tsaya a Legas ko Abuja ba.

Yaushe aka fara ceton bankuna?

A zamanin Abacha salon dabam ne. An kafa dokar bankunan da suka durƙushe a 1994, aka buɗe kotuna na musamman, aka tsare shugabannin bankuna da manyan masu cin bashi, sannan a Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 a lokaci guda. An yi kuka da tsaurin dokar, masu ajiya da yawa kuma sun yi asara.

Babban ceto ya zo a 2009. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Sanusi Lamiɗo Sanusi gwamnan CBN a watan Yuni. Ranar 14 ga Agusta, Sanusi ya sallami shugabannin bankuna biyar, wato Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara biliyan 200 a zagaye na biyu, wanda ya shafi Bank PHB, Spring, Equitorial Trust da Wema. Jimilla biliyan 620. Binciken ya nuna bankunan sun narka kuɗin ajiya a cacar hannun jari da harkar shigo da mai, wasu shugabannin kuma sun riƙa ba kamfanonin kansu da na abokansu rance ba jingina.

An yi ce-ce-ku-ce sosai. Wasu a Kudu suka ce ajandar Arewa ce ta ƙwace bankuna. Wasu 'yan majalisa suka tambayi dalilin kashe kuɗi masu yawa haka ba tare da amincewar Majalisar Tarayya ba, CBN ya ce rance ne, kuma doka ta ba shi ikon bayarwa. Amma a yi wa wancan zagaye adalci: an tsige shugabanni, an miƙa su ga hukumar yaƙi da cin hanci ta EFCC, an kuma buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu kowa ya gani. Babu mai ajiya ko ɗaya a waɗannan bankuna da ya rasa kuɗinsa.

AMCON: inda ramin ya koma

A watan Yuli na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar kafa AMCON, hukumar da aka ɗora wa sayen munanan basussukan bankuna. Ta sayi basussuka sama da 12,000 da darajarsu ta kai kusan naira tiriliyan 3.8, ta biya kimanin tiriliyan 1.8, ta kuma zuba wasu maƙudai don cike jarin bankunan da suka yi rauni. Ba tsabar kuɗi ta bayar ba. Takardun lamuni ta fitar, Gwamnatin Tarayya ta tsaya mata. Ma'ana, idan AMCON ta kasa biya, nauyin ya faɗo kan ƙasa.

An yi hasashen za ta gama aikinta cikin shekara goma. Har yau tana nan. An yi wa dokarta gyara a 2015 da 2019 da 2021 don ƙara mata haƙora, amma abin da ta ce tana bi har yanzu ya haura naira tiriliyan 4. Shugabanninta da kansu, musamman Ahmed Kuru da ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2024, sun sha faɗa cewa mutane da kamfanoni kusan 350 ne kacal ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan bashi. Mutum 350 ba su cika filin Idi ba. Da yawansu suna da lauyoyin da za su ja shari'a shekara da shekaru, daga wannan kotu zuwa waccan.

Bankin da aka ceta sau uku

Wanda yake son gane dalilin fushin jama'a, ya bi sawun Afribank. An ceto shi a 2009. A watan Agusta na 2011 ya kasa samun masu zuba jari, aka ƙwace lasisinsa tare da na Bank PHB da Spring, aka sauya musu suna zuwa Mainstreet, Keystone da Enterprise. AMCON ta zuba wa ukun naira biliyan 679, rabon Mainstreet biliyan 285. A 2014 aka sayar da Mainstreet ga bankin Skye kan kusan biliyan 126. Shekara biyu ba ta cika sosai ba Skye ɗin ma ya fara tangal-tangal, CBN ya sauya shugabanninsa a Yulin 2016. A Satumban 2018 aka soke lasisinsa, aka kafa Polaris a kan kufansa, AMCON ta sake zuba biliyan 786.

A Oktoban 2022 aka sanar da sayar da Polaris ga wani kamfani mai suna Strategic Capital Investment Limited. Ya biya naira biliyan 50 a hannu, da alkawarin mayar da tiriliyan 1.3 cikin shekara 25. Duk wanda ya ga abin da naira ta zama tsakanin 2022 da yau ya san darajar alkawarin da za a cika bayan shekara 25. 'Yan Majalisar Wakilai sun yi ƙorafi a kan yadda aka yi cinikin. A Janairun 2024 kuma CBN, a ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya rushe hukumomin gudanarwar Polaris da Keystone da Union gaba ɗaya.

Labarin Spring ya fi haka muni. Ya zama Enterprise, aka zuba masa biliyan 111, aka sayar wa bankin Heritage kan biliyan 56 a 2014. Ranar 3 ga Yuni, 2024, CBN ya soke lasisin Heritage. Kowane ɗayan cinikin nan biyu, na Mainstreet da na Enterprise, hukumomin da ke sa ido ne suka sa masa albarka, kuma masu sayen duka biyu sun faɗi. Wa ya tantance su? Wa aka hukunta a cikin masu tantancewar? Nan ne gizo ke saƙar.

Wa ke biya?

Jami'ai sukan ce ba kuɗin haraji aka taɓa ba. A takarda haka ne. An buɗe asusu na musamman don biyan bashin AMCON: bankuna suna zuba rabin kashi ɗaya cikin 100 na ɗaukacin kadarorinsu duk shekara, CBN kuma ya ɗauki nauyin zuba biliyan 50 a shekara. To amma banki ba ya biyan komai daga aljihun manaja. Yana mayar da abinsa ta kuɗin ruwa da cajin da ake yanka wa masu asusu, har da mai shagon POS a bakin tashar Ɗanbatta da matar da ɗanta ke turo mata na cefane daga Fatakwal. Abin da CBN ya zuba kuma ya rage ribar da ya kamata ya miƙa wa baitulmali. Idan ya ƙirƙiri kuɗin ne, suka ƙaru a gari ba tare da hatsi ya ƙaru ba, farashin kwanon gero ne zai nuna.

To, a bar su su mutu mana?

Masu wannan ra'ayi su dubi Heritage. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, da aka kafa a 1988, tana biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya mutu. Wata guda kacal kafin faɗuwar Heritage aka ɗaga adadin daga naira 500,000. Wanda ajiyarsa ta haura miliyan 5 sai ya jira a sayar da kadarorin bankin, a karɓo basussukansa. Kason farko da aka raba musu a Afrilun 2025 bai kai kwabo 10 a kowace naira ba. A cikinsu akwai 'yan kasuwa, ƙungiyoyin gama kai da makarantu. Dillalin shanu da ke juya miliyan 30 a mako ba attajirin Legas ba ne, amma da kuɗinsa na can da ya ga ta kansa.

Saboda haka ceton kansa ba shi ne laifin ba. Idan uwar adashi ta cinye zubi, mai unguwa yana iya tara kuɗi a biya 'yan zubi don kada gari ya rikice. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a biya, a bar mata littafin, a kuma hana kowa tambayar inda kuɗin suka shiga.

An hukunta wani kuwa?

An hukunta, amma ɗaiɗai. Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a Oktoban 2010, aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarori na kusan naira biliyan 190. Francis Atuche na Bank PHB sai a watan Yuni na 2021 wata kotu a Legas ta ɗaure shi kan naira biliyan 25.7, kusan shekara 12 bayan tsige shi. Erastus Akingbola na Intercontinental, wata kotu a Landan ta umarce shi a 2012 ya biya sama da fam miliyan 600, a gida kuwa shari'arsa ta yi ta yawo tsakanin alƙalai.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, bayan majalisa ta ware dala biliyan 700 a 2008, jama'a sun fusata da aka ji kamfanin inshora na AIG, wanda gwamnati ta ceta, ya raba wa ma'aikatansa garaɓasar dala miliyan 165. A Ghana, inda aka rufe bankuna tara tsakanin 2017 da 2019, gyaran ya ci gwamnati sama da sidi biliyan 20, aka kuma ɗaure William Ato Essien na Capital Bank shekara 15 a 2023. Sai dai a Amurka majalisa ce ta kaɗa ƙuri'a kan kuɗin, aka naɗa sufeto na musamman mai bin diddiginsu yana buga rahoto. A nan sau da yawa sanarwar manema labarai ce kawai muke gani, sharuɗɗan kuma sai abin da ya ɓulla a jarida.

Ƙananan bankuna ba a ceton su

A watan Mayu na 2023 CBN ya soke lasisin ƙananan bankuna 179 a faɗin ƙasa. Ba a zuba wa ko ɗaya daga cikinsu biliyoyi ba, alhali irinsu ne suka fi kusa da mutanen karkara, masu sana'ar hannu da matan da ke kiwon awaki. Inshorar mai ajiya a irin waɗannan bankuna naira 200,000 ce a lokacin, sai a 2024 ta koma miliyan 2. Manomin da ambaliya ta cinye gonarsa kuma, in ya ci bashin banki, lambar BVN ɗinsa ta isa a bi shi duk asusun da ya buɗe a cire. Wannan bambanci ne ke hura wutar fushin, fiye da yawan biliyoyin.

Abin da za ka iya yi

Tun Maris na 2024 CBN ya umarci bankuna su ƙara jari, biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya. Jari mai kauri yana rage buƙatar ceto, amma ba ya maye gurbin sa ido. A 2005 ma an ƙara jari, bayan shekara huɗu aka zuba biliyan 620.

A naka ɓangaren, ka tabbata bankin da kake ajiya yana ƙarƙashin NDIC, kuma asusunka na haɗe da BVN da sunanka daidai, domin ta nan aka biya mutanen Heritage. Idan kuɗinka ko na ƙungiyarku ya haura miliyan 5, ku raba shi a bankuna dabam-dabam. Sannan mazaɓar Ɗanbatta da Makoɗa tana da ɗan majalisa a Abuja, Kano ta Arewa tana da sanata. Idan suka zo neman ƙuri'a, a tambaye su abu uku: nawa aka zuba wa kowane banki kuma a kan wane sharaɗi, su wane ne mutum 350 da AMCON ke bi, kuma yaushe za a rufe littafinta.